Bulala ko lada, wanne ya fi hana kare hawa kujera?

Malam da ka yi tambaya jiya da daddare kan kwikwiyonka ɗan wata biyar da ke hayewa kushin ɗin baranda har da tabarmar da kuke shan iska, ka ce ko ka riƙa zane shi ko kuma ka bi ta lallashi da ɗan abinci kamar yadda wani ya ba ka shawara, to ni duka biyun na gwada su a gidanmu nan Ƙofar Ƙaura.

Bulala tana da sauri, wannan ba ƙarya. Ka tsula mashi sau ɗaya zai diro ya yi bayan gida da gudu. Amma abin da ya koya shi ne in kana nan kar ya hau, shi ke nan. Nawa haka ya yi mani, da asuba in na fito masallaci sai in taras da gashi a kan kushin, in sa hannu in ji wurin da ɗumi, shi kuma yana can ƙarƙashin mota ya lafe kunnuwa yana kallona. Kare ba ya haɗa hukunci da laifi sai in abin ya zo nan take cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ka dawo kasuwa ka ga shaida ka kama shi da duka wallahi bai san dalili ba, kawai ya ɗauka dawowarka ce masifa. Kuma kare na gadi ne fa, wanda ya saba da tsoron hannu ko dai ya zama matsoraci ko wata rana yaro ya ɗaga hannu kusa da shi ya cije shi, wannan ne ya fi tada mani hankali.

Hanyar lada ita tana cin lokaci kuma tana son haƙuri, amma tana taɓa asalin matsalar. Ka duba me ya kai shi kujerar tukuna. In hunturu ne, ka san yadda siminti ke yin sanyi kamar ƙanƙara a Katsina cikin Disamba da Janairu, dabba na neman wuri mai taushi da ɗumi, ga ƙamshin jikinka a kushin ɗin. Sai na samu kwali na shimfiɗa buhu biyu da tsohon bargo a lungun da iska ba ta bugawa, inda yake hango ƙofa. Duk sanda ya je ya kwanta can da kanshi sai in jefa mashi ɗan yankan dafaffiyar hanta kamar girman gyaɗa, in ya hau kujera kuma kalma ɗaya ce, sauka, ba ihu, in nuna mashi buhunshi. Minti 5 safe da yamma. Cikin sati uku nawa ya gane, naka zai iya fin haka ko ƙasa.

Inda mutane ke kuskure, suna ba shi naman da zarar ya diro, sai ya gane ashe hawa da sauka sana'a ce. Bari sai ya kwanta a wurinshi ka ba shi. Kuma kar ka yi da kilishi ko tsire, albasa da tafarnuwa suna cutar da jinin kare, ƙashin kaza dafaffe ma yana tsagewa a ciki.

Raunin wannan hanya mutanen gida ne. In kai kana hanawa yara suna kiran shi kan tabarma in ka fita, aikin banza ake, sai ka tara kowa har da mai gadi a yi magana ɗaya. Kafin ya saba, da daddare a kwashe kushin a kai ciki, kujerun roba a kife su, tabarma a naɗe, dadduma kuwa dama a rataye ta.

Ɗaurewa da sarƙa wuni guda da wasu suka ce, kujera za ta tsira amma bai koyi komai ba, ana kwance shi can zai nufa.

Ni dai lada na zaɓa. Bargon nan kuma ka riƙa shanya shi a rana kana kakkaɓewa duk sati saboda kaska da ƙuma, in ba a yi mashi allurar haukan kare ba ka kai shi asibitin dabbobi, tun yana wata uku ake fara ta.