Jirgin ƙasan LGB a tsakar gidana: shekara guda da shi

Ƙanena da ke Jamus ne ya aiko mini da wannan ƙaramin jirgin ƙasa na wasa bara: kan jirgi ƙirar Stainz, taragu biyu, taransifoma, da guntayen dogo 12 masu lanƙwasa. In ka haɗa su sai su ba ka da'ira mai faɗin kamar mita ɗaya da santimita 20. Kamfanin Lehmann na Jamus ya fara yin irinsa da sunan LGB a 1968, kuma an yi shi yadda zai yi aiki a waje, ba a ɗaki kaɗai ba. Abin da na so in gwada ke nan a Maraɗi.

Na shimfiɗa tsakuwa ƙarƙashin icen bedi a gidanmu na Ali Ɗan Sofo, na ɗora dogon a kai. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 45 ne, kuma na tagulla ne, ba ya tsatsa. Damina ta zo ta wuce, ko gezau.

Hazo ne abokin gaba. Ta cikin dogon wuta take bi ta shiga kan jirgin, saboda haka ƙura kaɗan ta kwanta sai ka ga yana tafiya yana tsayawa kamar jakin da ya gaji. 'Ya'yan bedi ma in sun fashe a kai, danƙonsu sai an kankare. Yanzu kowace la'asar sai na bi dogon da tsumma, minti biyar, kafin in kunna. A watan Afrilu kuwa ƙarfen ya miƙe don zafi har ya ɗan karkace. Sai da na bar 'yar tazara a mahaɗai sannan ya zauna. Kan jirgin dai ba ya kwana waje, kuma ba ya yin rana.

Ranar farko Baba ya jawo tabarmarsa kusa, ya daɗe yana kallon sandunan ƙafafun suna kai da kawowa, ya ce, "Malam, haka na Kano yake yi." Yaran unguwa ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba, labarin dogon Kano zuwa Maraɗi kawai suke ji, sai ga su cike da zaure.

Yana da tsada, kuma ko ƙusa ɗaya tasa ba ka samu a babbar kasuwa. Duk da haka na riga na roƙi ƙanena ya turo mini miƙaƙƙen dogo shida, in zagaya da shi bayan randa.