Samba a Matsayin Active Directory: Inda Yake Ƙwari da Inda Yake Bar Maka Aiki

Ofishin da ke da kwamfutoci talatin zuwa ɗari yakan kai matakin da dole a tara asusun ma'aikata wuri guda, a riƙa tura dokoki ga kwamfutoci daga sabar ɗaya. Hanyar da aka saba ita ce Active Directory (AD), tsarin Microsoft mai yin wannan aikin a kan Windows Server, amma bayan kuɗin lasisin sabar akwai na CAL, wato lasisin shiga sabar, da ake biya wa kowane ma'aikaci ko kowace kwamfuta, farashin kuma yana bin dala. Wannan ne ke sa masu kula da netwok su waiwayi Samba, manhajar kyauta da Andrew Tridgell ya faro a 1992, wadda tun fitowar siga ta 4.0 a Disambar 2012 take iya zama sabar da ke riƙe da domen (rukunin asusu da kwamfutocin da ake kula da su tare), wato DC, a kan Linux.

Tana yin aikin, babu shakka. Kwamfutar Windows 10 ko 11 Pro za ta shiga domen ɗin ba tare da ta san ba Windows ke can gefen ba. Ana girka RSAT, kayan Microsoft na kula da sabar daga nesa, a kwamfutar mai kula, a buɗe Active Directory Users and Computers da Group Policy Management kamar kullum. Dokar kulle allo, haɗa folda ta ofis, tura firinta, hana sa filasha, duk suna sauka, domin kwamfutar ma'aikaci ce ke karanta dokar ta aiwatar, sabar ajiya kawai take yi.

Kafawa ba ta da tsawo. A Debian ko Ubuntu sai a tsayar da smbd, nmbd da winbind, a kawar da tsohon /etc/samba/smb.conf, sannan a buga samba-tool domain provision --use-rfc2307 --interactive. Daga nan a kwafi krb5.conf da aka samar a /var/lib/samba/private zuwa /etc, a kunna samba-ad-dc. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Na farko, a Ubuntu systemd-resolved na iya riƙe tashar 53, sai DNS na Samba ya kasa tashi. Na biyu shi ne suna. Kada a sa wa domen ƙarshen .local, yana karo da mDNS, tsarin da na'urori ke gano sunan juna da shi a cikin netwok. A ɗauki reshe daga sunan da kamfani ya mallaka, a sa kalmar "ad" a gabansa, domin sauya suna daga baya babban aiki ne. Kafin a shigar da kwamfuta ko ɗaya, a gwada kinit administrator, a kuma tabbatar host -t SRV _ldap._tcp tare da sunan domen yana dawo da amsa.

Agogo ma yana da hakki. Kerberos, tsarin da ke tantance mai shiga domen, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin sabar da kwamfuta. Inda ake yawan ɗauke wuta, tsohuwar kwamfutar da batirin CMOS ɗinta ya mutu takan tashi da kwanan wata na shekarun baya, ma'aikaci ya yi ta buga kalmar sirri daidai ana ƙinsa. Maganin shi ne chrony, manhajar daidaita agogo, a kan DC tare da layin ntpsigndsocket mai nuni zuwa /var/lib/samba/ntp_signd, saboda kwamfutocin domen lokaci mai sa hannu suke nema. Batirin kuwa a canza shi, CR2032 ne.

Babban raunin Samba yana bayyana ne ranar da aka ƙara DC na biyu, kuma ya kamata a ƙara shi, don domen mai sabar ɗaya yana jiran ranar baƙin ciki ne. Kowace doka ta Group Policy rabi biyu ce. Rabi yana cikin rumbun bayanan AD, rabi kuma fayiloli ne a foldar SYSVOL, cikinsu har da GPT.INI mai ɗauke da lambar siga. Samba na kwafe rabin farko tsakanin DC da DC da kansa. Rabi na biyu ba ya taɓa shi, domin ba shi da DFS-R, tsarin kwafe fayiloli da Windows ke amfani da shi. Sakamakon yana da rikitarwa ga wanda bai san dalili ba: an ƙirƙiri doka da safe, wasu kwamfutoci sun ɗauka, wasu sun ƙi, a Event Viewer kuma ga kuskure mai lamba 1058 yana cewa an kasa karanta gpt.ini. Waɗanda suka ƙi su ne suka faɗa kan DC na biyu, wanda ya san sunan dokar amma ba shi da fayilolinta.

Gyaran da aka fi bi shi ne kwafe SYSVOL da manhajar rsync ta hanya ɗaya, daga DC mai riƙe da matsayin PDC Emulator (ɗaya daga matsayan da DC guda kaɗai ke riƙewa a domen) zuwa sauran, kowane minti 5 ta cron, mai gudanar da umarni bisa jadawali, da zaɓin -XAavz --delete-after don izini da xattr, wato ƙarin bayanan da ke liƙe da fayil, su bi fayilolin. An zaɓi wannan DC ɗin ne saboda shi Group Policy Management ke nufa idan ba a ce masa komai ba. Duk wanda ya gyara doka a kan ɗayan, rsync zai share aikinsa a zagaye na gaba. Akwai kuma tarko a ƙarƙashin wannan: kowane DC yana ba rukunoni irin su Domain Admins lambar Linux tasa a fayil ɗin idmap.ldb, lambobin kuma ba lallai su zo ɗaya ba. Idan ba a kwafi idmap.ldb na farko zuwa na biyu ba, ta hanyar tdbbackup, sannan a buga net cache flush da samba-tool ntacl sysvolreset, fayiloli za su iso da izinin da ba nasu ba. A ganina wannan gurbi ne da bai kamata a bar wa mai kula ba bayan shekaru fiye da goma, kuma shi ne abin da zai sa in hana ofishin da ba shi da wanda ya iya Linux ɗaukar Samba.

Dokar kalmar sirri ma tana ruɗa sabon shiga. Ka buɗe Default Domain Policy ka ce tsawo ya zama haruffa 12, ka ga ana ci gaba da karɓar gajeru. Samba a yadda yake zuwa ba ya karanta wannan daga dokar; ana saita shi da samba-tool domain passwordsettings set --min-pwd-length=12.

Ba kowane laifi ne na Samba ba, adalci ne a faɗa. Kwamfuta na sabunta dokoki ne kowane minti 90, da ƙarin har zuwa minti 30, don haka kafin a zargi sabar a buga gpupdate /force, a fitar da rahoto da gpresult /h. Haka kuma tun gyaran MS16-072 na Yunin 2016, kwamfuta da asusunta take karanto dokar ma'aikaci. Wanda ya cire Authenticated Users daga tacewar doka bai ba Domain Computers izinin karantawa ba, dokarsa ba za ta sauka ba ko da Windows Server yake amfani da shi.

Abin da babu shi kwata-kwata a Samba: ADWS na tashar 9389, hidimar da wasu kayan Microsoft ke magana da AD ta cikinta. Ke nan umarnin PowerShell irin su Get-ADUser da kuma Active Directory Administrative Center ba za su yi aiki ba. Mai tarin rubutattun umarni na PowerShell zai sake rubuta su da samba-tool ko ldbsearch. Mai shirin girka Exchange, sabar imel ta Microsoft, a cikin gida ma ya nemi Windows Server.

Sai batun sabuntawa, wanda nake ɗauka da muhimmanci fiye da yadda ake yi. Microsoft na ƙara tsaurara tsaro a Windows ba tare da jiran kowa ba. Lokacin da Windows 11 22H2 ya fito, masu tsofaffin sigogin Samba, kafin 4.16, sun ga kwamfutoci sun kasa shiga saboda yadda tsohon Heimdal, manhajar Kerberos da ke cikin Samba, ke lissafin ranar ƙarewar tikitin Kerberos. Samba na fitar da sabuwar siga kusan kowane wata shida, kowacce kuma tana samun gyara na kimanin wata 18. Wanda ya girka ya manta da sabar shekara uku, wata sabuntawar Windows ce za ta tuna masa, ranar aiki da safe.

Kayan bincike na Samba kuwa sun cancanci yabo. Umarnin samba-tool drs showrepl yana nuna ko DC suna musayar bayanai, samba-tool dbcheck --cross-ncs yana gano ɓarna a rumbun, samba-tool gpo aclcheck yana duba izinin dokoki. Tun siga ta 4.9 akwai samba-tool domain backup online, mai haɗa rumbun da SYSVOL a fayil ɗaya. A sa shi ya riƙa gudana kowane dare, a ajiye kwafin a wata na'ura daban, a kuma gwada dawo da shi a keɓaɓɓen netwok kafin ranar buƙata. Fayilolin ma'aikata kuma a ba su wata sabar da aka shigar cikin domen, kada a ɗora su kan DC.