Kawasaki Ninja 400: injin da ya dace da mai shiga harkar manyan babura

Yawancin masu son sayen babban babur da lambar cc suke fara ciniki. Wanda ya saba da Boxer mai cc 100 sai ya ga ai 400 kaɗan ne, gara ya yi tsalle zuwa 600 ko 1000 ya huta. Nan ne kuskuren yake, domin cc girman cikin silinda kawai yake nunawa, ba ya faɗin ƙarfin da injin zai ba taya, balle yadda zai ba ta shi.

Ga misali daga kamfanonin Kawasaki da Yamaha. Ninja 650 yana da cc 649 da silinda biyu, ƙarfinsa kusan doki 68. Yamaha R6 kuwa cc 599 ne, wato a takarda ya fi shi ƙanƙanta, amma silindarsa huɗu, kuma yana fitar da kusan doki 118. Boxer ɗin 'yan acaɓa bai wuce doki 8 da ɗoriya ba. Wanda ya sauka daga Boxer ya hau R6 ya ninka ƙarfin da hannunsa ya saba da shi fiye da sau goma a rana ɗaya.

A tsakanin nan Ninja 400 ya zauna. An fara sayar da shi a 2018, injinsa cc 399, silinda biyu a jere, ruwa ke sanyaya shi, giya shida. Ƙarfinsa doki 45 ne, nauyinsa kilo 168 har da mai, tankinsa lita 14. A Turai akwai lasisin tsakiya da ake kira A2, wanda bai yarda a hau abin da ya wuce kilowat 35 ba, wato kusan doki 47, kuma a ƙarƙashin wannan iyaka aka ƙera shi. Ba ƙaramin babur ba ne ko kaɗan: yana haura kilomita 170 a awa, gudun da babu wata hanya tamu da ta dace da shi.

Abin da ya fi burgewa a injin shi ne inda ƙarfinsa yake. R6 ba ya nuna kansa sai injin ya kusa juyi 10,000 a minti. Ƙasa da haka yana tafiya kamar mai jin barci, sama da haka kuma sai ya zabura gaba ɗaya, kuma giyarsa ta ɗaya kaɗai tana wuce kilomita 100 a awa. A cikin gari, tsakanin adaidaita sahu da masu tura baro, ba inda za ka kai shi wurin da yake jin daɗin aiki. Sai ka yini a giya ɗaya da biyu, kuloci a hannu, fanka na kaɗawa, zafin inji na gasa maka cinyoyi. Ninja 400 yana ja tun daga ƙasa ba gardama. Idan ka murɗa totur fiye da kima da fitowa daga kwana, zai yi gaba da ƙarfi, amma da wuya ya ɗaga tayar gaba ko ya watsar da ta baya kamar yadda manyan ke yi. Wannan sassaucin shi ne abin da sabon mahayi ke biyan kuɗinsa a kai, domin kowa sai ya yi kuskuren totur a watanninsa na farko.

Zamansa ma da sauƙi. Tsayin kujera milimita 785 ne, mai matsakaicin tsawo zai sauke ƙafafu biyu ƙasa, kan babur ɗin kuma a ɗan ɗage yake, ba sai ka kwanta a kan tanki ba. Kujerar R6 milimita 850 ce. Santimita shida da rabi ba komai ba ne a baki, amma ka tsaya a gefen titi mai yashi da ƙafa ɗaya a kan yatsu, kilo 190 na R6 yana neman karkata, za ka san bambancin. Kulocin Ninja 400 mai laushi ne ƙwarai, kuma an yi shi yadda idan ka rage giya da gaggawa tayar baya ba za ta yi tsalle ba.

Batun mai ya kamata a tsaya a kansa. Matsin silindar Ninja 400, wato yawan yadda fistan ke matse mai da iska kafin su kama wuta, ya tsaya a 11.5, na R6 ya kai 13.1, shi ya sa kamfanin Yamaha ya ce a riƙa ba shi fetur mai daraja ta sama. Gidajen manmu kuwa galibi fetur iri ɗaya suke sayarwa. Injin mai matsi sosai idan ya sha man da bai kai ba, ga zafin Afrilu, sai man ya riƙa kamawa kafin lokacinsa, kuma fistan ne ke shan wahalar. Ninja 400 ya fi haƙuri da irin man da ake samu, yana kuma yin sama da kilomita 20 a lita ɗaya idan ba a matsa masa ba. Amma injekta gare shi, ba kafireto ba, don haka man galan na 'yan bumburutu mai ruwa ko datti zai toshe matatar famfon mai, babur ya riƙa shaƙewa idan an ba shi wuta.

Yana da nasa aibu. Waɗanda aka ƙera a shekarun farko, 2018 da 2019, an san su da sulɓewar kuloci: ka murɗa totur a giya biyar ko shida, ƙarar inji ta hau amma gudu bai ƙaru daidai da ita ba. Baƙin man mota yana ƙara tsananta wannan, domin kulocin babur a cikin baƙin mai yake wanka. A sa 10W-40 na babur mai alamar JASO MA ko MA2, lita 2 idan an canza har da matata. Shakazobarsa ta gaba mai laushi ce kuma ba ta da wurin saiti, mai jiki zai ji gaban yana nutsewa idan ya damƙe birki. Faifan birkin gaba guda ɗaya ne, ya isa ga titi, amma ba irin na manyan ba ne. Tsakanin cikinsa da ƙasa milimita 140 ne kacal, tudun rage gudu mai tsini zai iya kartar ƙasansa idan akwai goyo. Kujerar bayan ma dai ta ɗan gajeren zango ce.

Wanda aikinsa doguwar tafiya ce da goyo da jaka, Kano zuwa Abuja a kai a kai, Ninja 650 zai fi masa, saboda yana riƙe gudu ba tare da injin ya yi ta kuka ba. Masu cc 1000 irin su Yamaha R1, da dokinsu 200, an yi su ne da filin tsere a zuciya, kuma tayoyin Ninja ba za su ƙare ba kafin mai R1 ya gaji da sayen nasa.

Tunda Ninja 500 mai cc 451 ya maye gurbin Ninja 400 a 2024, yawancin waɗanda ke kasuwa na hannu ne. A nemi mai ABS, wato birkin da ba ya barin taya ta kulle, domin akwai waɗanda aka fitar babu shi. A sa hannu a taɓa injin kafin a tayar, a tabbatar da sanyinsa, don mai sayarwa na iya ɗumama shi ya ɓoye wahalar tashi. A duba ƙarshen hannun birki da na kuloci da gefen salansa, nan ne faɗuwa ke barin tabo ko an sake robobin jiki. Sarƙa ta yi wasan milimita 20 zuwa 30 a tsakiya, iskar taya psi 28 a gaba, psi 32 a baya, a kuma karanta lambobi huɗu na gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Sannan a buɗe matatar iska. Idan ƙura ta wuce ta zuwa cikin akwatin, to ta riga ta shiga silinda, sai a sa bakanike ya auna matsin injin kafin a yi maganar kuɗi.