MX-5 ko GT3, wacce za ka hau a tseren kulob?

Samarinmu na Katsina masu tseren mota a kwamfuta sun dame ni da tambayar nan, to ga amsa.

Wajen kuɗi Mazda MX-5 ta fi sauƙi, a iRacing, wato manhajar tseren mota ta intanet, tana cikin kuɗin rijista, ita ma ake ba sabon shiga. GT3 kuwa, wato rukunin manyan motocin tsere irin su Ferrari da Porsche, sai ka saya daban, kusan dala 12 kowace, wani filin ma kamar Monza sai ka biya, ga dala yadda ta koma.

Tuƙi fa? MX-5 ƙarfin injinta bai kai doki 200 ba, amma ba ta rufa asiri, ka taka burki a makare ko ka saki mai a tsakiyar kwana sai bayanta ya juya. GT3 ta kai doki 500, tana da na'urar hana taya zamewa, shi ya sa take ruɗin mutum ya ɗauka ya iya, sai an zo kwanar farko a Monza kowa ya afka wa na gabansa. Tserenta kuma ya fi tsawo, NEPA ta ɗauke ko netwok ya yanke ka tashi a tutar babu.

Sabon hannu mai lallaɓa data ya zauna a MX-5. Mai sitiyari da feda masu kyau, ga sola a gida, GT3 ta dace da shi.