Moodle ko TCExam don gwajin JAMB a cibiyar lesin?

Malam, ka tambaya wace manhajar jarrabawa ta kwamfuta za ka saka a cibiyarka ta Agege mai kwamfuta 40, Moodle ko TCExam. Ɗauki Moodle. Dukkansu kyauta ne, lambobin da aka gina su da su a buɗe suke, kuma kowacce tana aiki a cikin ɗaki ɗaya ba tare da intanet ba. Amma bambancinsu yana fitowa ne ranar jarrabawa.

Moodle ta fito a 2002, wani ɗan Ostareliya, Martin Dougiamas, ya ƙirƙiro ta. Abin da ya sa take shiga rai shi ne rumbun tambayoyinta. Ka zuba tambayoyin Turanci 500 a rukuni ɗaya, ka ce ta zaɓo wa kowane yaro 60, sauran darussa uku 40 kowanne, jimilla 180 cikin awa 2, daidai da tsarin JAMB. Ta kuma gauraya zaɓin amsoshi. Yaro ya leƙa allon na kusa da shi ya ga B, ya dawo nasa ya tarar tambayar ma wata ce daban. Bayan an tashi za ta nuna maka tambayar da kowa ya faɗi, wanda sau da yawa ba laifin yaran ba ne, malami ne ya saka amsar da ba ita ba.

Shigar da tambayoyi kuwa, yi amfani da tsarin Aiken. Tambaya a layi ɗaya, zaɓuɓɓuka a ƙasa da manyan haruffa A. B. C. D., sannan layin ƙarshe ANSWER: C, da tazara bayan ɗigo biyun. Kada ka rubuta a Word, don lambobin da yake jerawa da kansa suna ɓata fayil ɗin. Ka adana shi a UTF-8, tsarin adana rubutu da ke ɗaukar haruffan kowane harshe, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ, har da Larabcin 'yan Islamiyya, duk za su koma alamar tambaya.

Kwamfutar da za ta zama sabar, wato wadda Moodle za ta zauna a kanta sauran su riƙa haɗuwa da ita, ka ba ta RAM 8GB da SSD, ka ɗora mata Ubuntu, wani nau'in Linux, a maimakon Windows. Ƙunshin Moodle na Windows na gwaji ne, ba na ɗakin jarrabawa ba. Haɗa kwamfutocin da waya ta suwic, akwatin da wayoyinsu ke haɗuwa a ciki, domin Wi-Fi yana shaƙewa idan yara 40 suka danna farawa lokaci guda. Ka ɗaure wa sabar adireshin IP guda, ka rubuta shi a config.php, fayil ɗin saitin Moodle, domin in rauta ta canza shi da safe, shafi ba zai buɗe wa kowa ba. Saita agogo a Africa/Lagos, ka bar cron, mai tayar da ayyukan bayan fage na Moodle, yana gudu kowane minti.

Sai maganar wuta. Moodle tana adana amsoshi duk bayan daƙiƙa 60, saboda haka wanda kwamfutarsa ta mutu zai dawo ya tarar da aikinsa. Amma agogon jarrabawa ba ya jiran janareta, yana ci gaba da tafiya. Sabar da suwic su zauna kan inbata, wanda ya yi asarar lokaci kuma ka ƙara masa mintuna shi kaɗai. In kana tsoron yara su buɗe wani shafi, ƙara Safe Exam Browser, ita ma kyauta ce, tana kulle allon har a gama.

TCExam ba laifi, jarrabawa kawai ta iya, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma za ta ɗauke ta. Sai dai shigar da tambayoyi ta XML, wani tsarin fayil mai cike da alamomi, wahala ce, in ta cije kuma mai gyara sai an tona.

Ko da ba ka tambaya ba, ka yi hattara da masu yawo da filas a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, suna tallar "manhajar CBT", wato ta jarrabawa a kwamfuta, da lasisin shekara. Wasunsu ɗaya daga cikin biyun nan suka canza wa suna da launi, kuma su riƙe kalmar sirrin mai gudanarwa don ka riƙa komawa wurinsu. Biyan kuɗin aikin sakawa halal ne, amma kafin ka biya, karɓi kalmar sirrin sabar da ta rumbun bayanai, ka canza su a gabansa. Inbata ko UPS na hannu kuma, a cire wuta a shagon ka ga minti nawa batirin zai riƙe.