Kanun takardu: Markdown ko reStructuredText?

Ƙannena da muke rubuta manhaja tare a nan Kaduna sun sha tambayata wanne za su bi wajen sa kanun takardar bayanin aikinsu, Markdown ko reStructuredText. Dukansu hanyoyi ne na tsara rubutu a kwamfuta da 'yan alamomi.

Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, sauƙi gare shi. Alamar # ɗaya gaban babban take, biyu ga mai bi masa, har shida. Ko a waya, cikin keke daga Kawo zuwa Kasuwar Barci, sai ka gyara.

Shi kuwa reStructuredText layi ake ja ƙarƙashin take da = ko - ko ~, kuma dole layin ya kai tsawon taken. A nan ake tuntuɓe. Na taɓa ƙara kalma ɗaya na manta layin, Sphinx, manhajar da ke mayar da rubutun zuwa shafuka, ya yi ta gargaɗi. Sannan alamar da ka fara da ita ce babba, in ka cakuɗa su matakan sun rikice. Amma wahalar tana biya, domin yana riƙe mahaɗan shafuka da kyau. Takardun Python, yaren rubuta manhaja, da shi aka rubuta su.

Mai ɗan bayani a GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan manhaja, Markdown ya ishe shi. Mai littafin jagora mai babi-babi, da abokan aiki da yawa, ya daure ya koyi reStructuredText.