Manyan a-kori-kura da shan mai: abin da takarda ke faɗa da abin da hanya ke nunawa

Malam, ka ce kana neman babbar a-kori-kura irin waɗanda suka cika titunan Amurka, hankalinka kuma ya rabu tsakanin Ford F-150 mai ƙaramin injin tobo, da Chevrolet Silverado mai dizal, da masu tsohon inji V8 mai silinda takwas. Yawancin tafiyarka a babbar hanya ce, jefi-jefi kana jan tirela, kuma kana so ka san ko adadin shan mai da ke kan takardar da ke manne a gilashin motar abin dogaro ne.

Adadin ba ƙarya ba ne, amma sai ka san inda ya fito. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ita ta tsara gwajin, kuma a ɗaki ake yin sa: a ɗora motar kan wata na'ura, tayoyi na juyawa ita tana tsaye. A 2008 an gyara tsarin, aka shigar da gudu mai yawa da kunna na'urar sanyaya mota da lokacin sanyi, shi ya sa adadin yanzu ya fi na da kusa da gaskiya. Sai dai babu tirela a gwajin, babu lodi a baya. Wato abin da takardar ke gaya maka shi ne shan man motar lokacin da ba ta yin aikin da aka ƙera ta dominsa. Manyan yayyensu ma, irin F-250 da Silverado 2500, ba a wajabta musu wannan takarda ba sam, domin nauyinsu da lodi ya haura fam 8,500.

Ma'aunin can mil ne kan galan. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, don haka mil 20 kan galan daidai yake da kilomita 8.5 kan lita.

Mu fara da V8, tunda shi ne ma'aunin da kowa ya sani. Toyota Tundra mai injin lita 5.7, wadda aka ƙera har 2021, takardarta na cewa mil 13 a cikin gari, 17 a babbar hanya. Wannan kusan kilomita 6 ne kan lita, kuma masu ita ba su cika ƙorafin an yaudare su ba, domin abin da aka yi musu alkawari shi suke gani. V8 na Ford mai lita 5.0, da 5.3 na Chevrolet, da Hemi 5.7 na motocin Ram sun fi haka sauƙi, suna yawo tsakanin mil 17 zuwa 20 idan an haɗa gari da hanya. Halin V8 ke nan: mashayi ne, amma ba ya ɓoye maka. Ka ɗora masa kaya, shansa zai ƙaru, sai dai ba zai yi tsallen da zai ba ka mamaki ba.

Ƙaramin inji mai tobo shi ne inda rigimar take, kuma a nan zan daɗe. F-150 ta 2021 mai injin tobon Ford da ake kira EcoBoost 2.7, wadda ƙafafun baya kawai ke ja, an ba ta mil 20 a gari, 26 a hanya. Wannan adadi ana iya samun sa, amma da sharaɗi. Tobo na'ura ce da hayaƙin salansa ke juyawa, tana cusa ƙarin iska cikin silinda. Idan kana tafiya a hankali babu kaya, tobon kusan yana hutawa, injin na shan mai daidai ƙanƙantarsa. Da zarar ka taka totur sosai, ko ka hau tudu, ko ka ɗaura tirela, iskar da ke shiga sai ta zama ta babban inji, kuma iska mai yawa fetur mai yawa take nema. Ƙari a kan haka, idan zafi ya yi yawa a cikin silinda, kwamfutar motar kan ƙara zuba fetur fiye da wanda zai ƙone, don ta sanyaya injin ta kare shi. Shi ya sa za ka ji mutum biyu masu mota iri ɗaya, ɗaya na yabo ɗaya na tsinuwa, kuma duk gaskiya suke faɗa. Bambancin na ƙafarsu ne da abin da suke ja. Toyota ma ta bi wannan hanya a 2022 da ta ajiye V8 ta koma V6 mai tobo biyu, adadin Tundra ya tashi zuwa wajen mil 20 a haɗe. Ci gaba ne na gaske, amma halin tobo bai canja ba don sunan kamfani ya canja.

Dizal kuwa, a ganina shi kaɗai ne yake cika alkawari a doguwar hanya ba tare da an lallaɓa shi ba. Silverado ta 2020 mai injin dizal Duramax 3.0, silinda shida a jere, an ba ta mil 23 a gari, 33 a hanya, ga wadda ƙafa biyu ke ja. Mil 33 kusan kilomita 14 ne kan lita, a mota mai wannan girma. Dalili biyu ne. Galan ɗin dizal ya fi na fetur ƙarfin makamashi da kusan kashi 13 cikin ɗari, sannan injin dizal na matse iska sosai, yana kuma ba da ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali. Amma zaɓin ya ragu. Ford ta daina sa dizal a F-150 bayan 2021, Ram ta rufe EcoDiesel a 2023, saura Chevrolet da 'yar'uwarta GMC Sierra a wannan girman idan sabuwa kake so.

Kada ka tsaya kan galan, ka duba dala. A Amurka dizal ya saba fin fetur tsada, harajin gwamnatin tarayya ma santi 24.4 ne a kan galan ɗinsa, na fetur 18.4. Lissafin mai sauƙi ne: idan dizal na ba ka mil 26, fetur na ba ka 20, to sai farashin dizal ya haura na fetur da kashi 30 cikin ɗari kafin ribar ta ƙare. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin ruwan DEF da ake zubawa don tsabtace hayaƙi, da ƙarin kuɗin injin tun wurin saye. Akwai kuma matatar da ke kama baƙin hayaƙi, wadda ke bukatar doguwar tafiya da zafi kafin ta ƙone abin da ta tara. Mai gajerun tafiye-tafiye a cikin gari ya sayi dizal, ya sayi zirga-zirgar gareji.

Mai haɗin batir da injin fetur, wato F-150 PowerBoost da ta fito a 2021, an fara ba ta mil 24 a haɗe ga mai jan ƙafa huɗu. Amfaninta a cunkoso yake, inda birki ke mayar da wuta cikin batir, injin kuma yana mutuwa a wurin tsayawa. A miƙaƙƙiyar hanya babu birkin da za a taka, sai ta koma EcoBoost 3.5 mai ɗauke da ƙarin nauyi. Ga irin tafiyarka, ba don mai za ka saye ta ba, sai dai don wutar lantarki har kilowat 7.2 da take iya bayarwa a bayanta.

Yanzu tirela. Idan babba ce mai tsawo sama, irin ta kwana, ka sa a ranka cewa adadin zai faɗi zuwa wajen rabi, kowane inji ne. Masu fetur, da tobo da V8, sukan haɗu a wajen mil 8 zuwa 11, ratar da ke tsakaninsu a takarda ta ɓace. Dizal ma yana faɗuwa, amma yana barin 'yar tazara tsakaninsa da su. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: a babbar hanya faɗin gaban tirela ya fi nauyinta cin mai. Tirela marar tsawo sama ɗauke da ƙarfe na iya fin doguwar akwati marar nauyi sauƙin ja, domin iska ake turewa.

Wannan maganar iska ta shafi motar ko babu tirela. A-kori-kura gabanta kamar bango yake, kuma turjiyar iska na ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Tsakanin mai tafiya mil 65 a awa da mai tafiya 80, bambancin mai kan kai wanda ke tsakanin inji da inji. Haka ɗaga mota sama da sa mata manyan tayoyin daji: nauyi ya ƙaru, iska na shiga ƙarƙashi, kuma mitar nisa ta fara ƙirga ƙasa da abin da aka yi, lissafin ya rikice. Ka kuma tambayi giyar aksil kafin ka biya. A Ram, alal misali, akwai 3.21 akwai 3.92, ta biyun ta fi ƙarfin ja, amma injin na juyawa da sauri a kowane gudu. Sauke ƙofar baya don a rage shan mai kuwa, bar shi, ba ya taimakawa.

Lokacin sanyi ma ka yi masa uzuri. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a sanyin da ruwa ke daskarewa, motar fetur kan yi asarar wajen kashi 15 cikin ɗari a tafiyar gari, gajeriyar tafiya ta fi haka.

Duk wanda ya faɗa maka adadin motarsa, tambaye shi daga allon gaban direba ya karanta ko da hannu ya lissafa. Allon kan yi wa mai mota daɗin baki. A cika tanki, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba mil da galan, a maimaita har tanki da yawa.

Ga shawarata a kan yanayinka. Tunda doguwar hanya ce ta fi yawa kuma akwai tirela, Duramax 3.0 nake ganin ya dace da kai, muddin za ka riƙe motar shekaru har ƙarin kuɗin ya dawo. Idan tirelar ƙarama ce kuma ƙafarka ba ta da nauyi, EcoBoost 2.7 zai fi maka arha gaba ɗaya. Faɗa mini tsawon tirelar da nauyinta, da mil nawa kake yi a shekara, sai mu zauna kan lissafin dala.